Kifi da Rijiyoyi: Yadda Turawa Suka Raba Katsina da Maraɗi

Duk manomin da ya taɓa kai buhun masara kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, ko ta Ɗandume maƙwabciyar Sabuwa, ya san farashin hatsinsa yana da alaƙa da abin da ke faruwa a Jibiya. In hanya ta buɗe, motocin Maraɗi sun zo, kasuwa ta ci. In an rufe iyaka, sai kaya su kwana. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan iyaka an shata ta ne a Landan da Paris, kuma har kifin wani tsibiri mai nisa ya shiga cinikinta.

Tsagewar ta fara ne tun kafin zuwan Turawa. A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci birnin Katsina da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarki Magajin Haladu ya gudu, ya rasu a Ɗankama, sauran gidan sarautar Haɓe kuwa suka yi arewa, inda Ɗankasawa ya kafa sabon gadon sarauta a Maraɗi. Daga nan aka sami masu amsa sunan Sarkin Katsina guda biyu, kowa na cewa shi ne mai ƙasa. Maraɗi ta ƙulla ƙawance da Gobirawa da Buzaye, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya murƙushe taronsu a Gawakuke a 1836. Duk da haka wutar ba ta mutu ba. A zamanin Sarkin Maraɗi Ɗanbaskore mahayan Maraɗi sukan bi ta dajin Rugu su faɗa wa garuruwan yamma da kudancin Katsina. Wannan daji shi ne dai wanda ya miƙo daga Jibiya, ya bi ta Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya dangana da ƙasar Ƙanƙara da Faskari.

Ana cikin wannan gaba ta 'yan gida ɗaya sai Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasar da ba su taɓa takawa ba. A ranar 5 ga Agusta 1890 suka ja layi daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi, da sharaɗin cewa duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa hannun Ingila. Ba da jimawa ba Faransa ta tura hafsanta Monteil, ya ratsa Sakkwato da Kano da Kukawa, ya koma da labarin cewa ikon Sarkin Musulmi bai kai inda Ingila ke faɗa ba. Ranar 14 ga Yuni 1898 aka sake zama a Paris. A wannan karon sai aka kafa tsinken ma'auni a kan birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce nan ce iyaka. Bisa wannan zane, Maraɗi da Birnin Ƙonni suna ɓangaren Ingila, wato gefe ɗaya da Katsina.

Da sojojin Faransa suka zo aiki da takardar, sai suka ga an bar su da rairayi. Hanyar da za ta kai su daga kogin Kwara zuwa Damagaram ta bi ta inda babu rijiyoyi, ayarinsu na shan ƙishirwa, raƙuma na mutuwa, har sai sun nemi izinin ratsawa ta ɓangaren Ingila. Suka dage sai an gyara. Damar ta zo ranar 8 ga Afrilu 1904, lokacin da ƙasashen biyu suka yi sulhun gama-gari a kan rigingimunsu na duniya. Faransa na da tsohon haƙƙin kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, kuma Ingila na son ta saki. Faransa ta saki, aka biya ta da tsibiran Los na kusa da Konakiri, da wani yanki a kogin Gambiya, da kuma turo iyakarmu kudu don ta sami hanya mai ruwa. Yarjejeniyar Landan ta 29 ga Mayu 1906 ta tabbatar da Maraɗi da Tsibirin Gobir a hannun Faransa. Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomin iyaka guda 148, aka sa hannu na ƙarshe a 1910. Ba a tambayi Sarkin Katsina ba, ba a tambayi na Maraɗi ba.

Tun daga nan kowace shawara da aka yanke a manyan birane takan sauka a kan talakan wannan yanki. Bayan samun 'yancin kai, Najeriya da Nijar sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, mai mazauni a Yamai. Amma an rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin da fari ya addabi Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari, wanda a mulkinsa aka rufe iyakar. An sake rufewa a Agusta 2019. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai kuma, takunkumin ECOWAS ya tsayar da motoci a Jibiya har zuwa farkon 2024, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025.

Abin takaicin shi ne, iyaka takan tare ɗan kasuwa, ɗan bindiga kuwa ya bi ta daji. Ranar 11 ga Disamba 2020, iyaka na rufe, aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. Dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato da suka tsere wa hare-hare, a ƙauyukan jihar Maraɗi suka sami mafaka, wurin 'yan'uwan da taswira ta ce baƙi ne. Shi ya sa zaman da gwamnonin waɗannan jihohi uku suka yi da gwamnan Maraɗi a Satumba 2019 ya dace, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 ya cancanci a kammala shi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Muna kira ga hukumomin Abuja da Yamai, da sarakunan Katsina da Maraɗi, su ci gaba da zama tare ko da siyasa ta yi tsami, su tsare dajin da ya haɗa su, su bar hanyar hatsi a buɗe. Zaman lafiyar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana ɗaure da na Maraɗi tun kafin a kafa alamar iyaka ta farko.