Yadda Debian ta fara tantance ƙananan laburaren manhaja

A farkon shekarun 1990, mai son saka manhaja a kwamfutar Linux sau da yawa sai ya sauko da ainihin rubutunta ya harhaɗa da hannunsa, fayiloli su bazu ko'ina. Ranar cirewa kuwa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, in ma ya tuna inda suke. Ian Murdock ya sanar da kafa Debian, wani rabon tsarin Linux, ranar 16 ga Agusta 1993, a 1994 kuma dpkg ta bayyana, wadda daga baya Ian Jackson ya sake rubutawa da harshen C. Aikinta shi ne ta ɗaure manhaja a ƙunshi guda, ta riƙe lissafin inda kowane fayil ya sauka.

Ɗaurin ƙunshi bai yi wuya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne laburare, wato ƙaramar manhajar da ba a buɗe ta kai tsaye, sai dai wasu manhajoji su riƙa aron aikinta. Idan aka taɓa ta, duk masu aro suna iya durƙushewa lokaci guda. Debian ta sha wannan wahala sau biyu a jere: sauyi zuwa tsarin fayil na ELF a sigar 1.1 ta 1996, da ƙaurar babban laburaren tsarin daga libc5 zuwa libc6 a sigar 2.0 ta 1998. Saboda irin haka ƙa'idar raba laburare gida biyu ta kafu. Ƙunshin farko na masu amfani ne, kuma sunansa na ɗauke da lambar da ke canzawa duk lokacin da sabuwar siga ta daina jituwa da tsohuwa, don su zauna tare ba rikici. Na biyu, mai ƙarewa da -dev, na masu rubuta manhaja ne.

An rubuta dokokin haɗa ƙunshi a kundi a 1996. A 1997 aka amince da sharuɗɗan manhaja mai 'yanci a ƙarƙashin jagorancin Bruce Perens, sannan a 1998 Lintian ta zo tana kama kurakuran da na'ura za ta iya gani. Sauran aikin ya rage wa mutane. Sabon shiga ba ya loda ƙunshi da kansa, sai wani tsohon hannu ya duba ya tsaya masa. Daga nan ƙunshin ya bi layin da ake kira NEW, inda ake bin lasisin kowane fayil. A nan ake yawan mayar da mutum baya, wani lokaci a kan fayil ɗaya tak da ba a san mai shi ba. Masu jira suna ƙorafin jinkiri, ni kuwa ban ga laifin masu dubawa ba.

Duk da haka ido yakan kuskure. A 2006 wani gyara da aka yi wa laburaren OpenSSL a Debian ya raunana yadda take samar da makullan sirri, ba a gano ba sai a Mayun 2008. A Maris 2024 kuma Andres Freund ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH tana ɗan jinkiri, ya bi sawu har ya gano ƙofar baya da aka dasa a laburaren xz. Wani ɓangaren makircin ba ya cikin ma'ajiyar git da kowa ke karantawa, yana cikin damin da ake rabawa masu haɗa ƙunshi. Gurɓatacciyar sigar ta riga ta shiga rassan gwaji na Debian, amma ba ta kai ga tsayayyiyar siga ba.