Cutar Sweet da Dangoginta: Ƙurajen Fata Masu Nuni ga Sankarar Jini

Cutar Sweet wasu ƙuraje ne masu tauri da raɗaɗi waɗanda kan fito farat ɗaya tare da zazzaɓi, galibi a fuska da wuya da hannuwa. Likitan fata Robert Douglas Sweet ne ya fara bayyana ta a 1964 a garin Plymouth na Ingila, bayan ya lura da ita a jikin mata takwas. Idan aka yanki ɗan ɓangaren fatar aka duba a madubin likita, sai a tarar fararen ƙwayoyin jini nau'in niyutirofil sun yi dandazo a cikinta, kamar masu yaƙar ƙwayar cuta, alhali babu ƙwayar cutar a wurin. Shi ya sa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa yi mata komai, amma da an ba da sitiroyid irin su firednisolon, zazzaɓin kan sauka cikin kwana biyu zuwa uku.

Muhimmancinta ya wuce fata. Kusan kashi 20 cikin ɗari na masu ita suna ɗauke da sankara, mafi yawa ta jini, musamman sankarar ɓargo mai saurin tsananta. Ƙurajen kan riga sankarar bayyana, wani lokaci da watanni, kuma dawowarsu bayan magani na iya zama alamar sankarar ta dawo. Akwai kuma masu samunta sakamakon allurar G-CSF, wadda ake yi don ƙara fararen ƙwayoyin jini.

'Yar'uwarta ta kusa ita ce pyoderma gangrenosum, wadda likitocin Asibitin Mayo na Amurka suka raɗa wa suna a 1930. Gyambo ne mai cin nama, akasari a ƙwauri, kuma yakan zo tare da ciwon kumburin hanji, ko amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki, ko cutar ɓargo. Halinsa mafi haɗari shi ne rauni na ƙara hura shi: likitan da ya kankare shi da wuƙa faɗaɗa shi zai yi. A Afirka ta Yamma, inda gyambon masu sikila da gyambon Buruli suka zama sanannu, wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa.

A 2020 masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka gano cutar VEXAS, wadda ke faruwa idan ƙwayar halitta UBA1 ta sauya a ɓargo bayan haihuwa. Galibi tana kama maza manya, tana haɗa ƙuraje irin na Sweet da ƙarancin jini da kumburin guringuntsin kunne.

A baƙar fata, jan ƙurajen Sweet da littattafan Turai ke kwatantawa ba ya fita sosai; wurin kan yi duhu ne kawai. Don haka raɗaɗi da zazzaɓi da rashin jin magani sun fi launi amfani. Abin da ya wajaba shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini da duba yankin fata, sannan gwajin ɓargo idan jinin ya nuna matsala.