Soke Ƙarar 'Yan Sanda kan Mutuwar Amare a Indiya

A Indiya, Babbar Kotun jiha tana da ikon kashe maganar laifi tun tana hannun 'yan sanda, ba a kira shaida ko ɗaya ba. Har zuwa 2024 ikon yana cikin sashe na 482 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 1973, wanda ya gaji sashe na 561A da Turawan mulki suka saka a 1923. Abin da ake sokewa shi ne FIR, rahoton farko da ake rubutawa a caji ofis, wanda daga kansa bincike ke tashi. Mai zuwa kotun majistare a Kano ko Kaduna ya san haruffan nan uku, don dokokin laifi na Arewa na 1960 daga Indiya suka samo tushe, ta hanyar Sudan.

Kafafen labarai kan kira mutuwar amare kan dahej da kisan sadaki, kuma sunan yana ɓatar da mai karatu. Dahej dukiya ce da iyayen amarya ke bai wa ango da danginsa: kuɗi, zinariya, babur, firji, mota. Ya fi kusa da gara da kayan ɗaki, sai dai wannan da baki ake nemansa, ana kuma ci gaba da nema bayan an tare. Dokar da ta haramta shi a 1961 ta ware sadakin Musulunci daga haramcin.

Dokar 1961 ba ta hana komai ba. A ƙarshen shekarun 1970 jaridun Delhi sun cika da labari iri guda: amarya ta ƙone a madafa, surukai sun ce risho ne ya fashe, kananzir ya kama sarinta, 'yan sanda sun rubuta haɗari sun rufe fayil. Satyarani Chadha, wadda 'yarta ta ƙone a 1979, ta shekara da shekaru tana fita zanga-zanga da hoton yarinyar a hannu. Matsin mata irinta ya sa majalisa ta motsa. A 1983 aka ƙara wa kundin dokar laifuka sashe na 498A kan cin zalin matar aure, hukuncinsa har shekara 3. A 1986 aka ƙara sashe na 304B: mace ta mutu da ƙuna, ko rauni, ko wata mutuwar da ba ta Allah da Annabi ba cikin shekara 7 da aure, aka kuma nuna an gallabe ta kan dahej ba da jimawa ba kafin rasuwar, to ɗauri ne daga shekara 7 zuwa rai da rai. Sashe na 113B na dokar shaida ya ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin wanke kansa.

Tun kafin waɗannan dokoki, alƙalai sun riga sun ja wa kansu layi. A shari'ar Khwaja Nazir Ahmad ta 1944, kotun ɗaukaka ƙara ta daular Birtaniya da ke Landan ta ce bincike aikin 'yan sanda ne, alƙali ya jira lokacinsa. Shari'ar R.P. Kapur ta 1960 ta ware halaye uku da za a iya soke ƙara, sannan ta Bhajan Lal, tsohon babban ministan jihar Haryana da aka zarga da rashawa, ta kai su bakwai a 1990. Gishirinsu ɗaya ne: alƙali ya karanta takardar kamar duk abin da ke ciki gaskiya ne. In duk da haka babu laifi, ko zargin ya saɓa wa hankali, ko a fili yake ramuwar gayya ce, sai ya soke. Auna shaida ba nasa ba ne a wannan gaɓa. Wannan ƙa'ida ta fi ciwo ga wanda ake tuhuma da 304B, don hujjojin da ya saba kawowa, cewa marigayiyar tana da ciwon damuwa, ko ranar ba ya gari, duk abubuwa ne da sai an zauna shari'a ake tantancewa. A shari'ar Satbir Singh ta 2021 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa ba lallai gallabawar ta zo daf da mutuwa ba, alaƙa mai rai tsakaninsu ta isa.

Inda maganar ta fi zafi shi ne sulhu. A 2003, a shari'ar B.S. Joshi, kotu ta yarda a soke ƙarar 498A idan miji da mata sun daidaita, ko da dokar ba ta sa laifin cikin waɗanda ake yafewa ba. Hakan ya yi ma'ana, tunda mai haƙƙin tana raye, ita ta ce ta haƙura. Daga baya lauyoyi suka fara shigo da takardun sulhu a shari'o'in da matar ta riga ta zama toka ko tana kabari. Uba ya zo da rantsuwa a rubuce cewa cikin ɗimuwa ya kai ƙara, yanzu ya gane surukinsa ba shi da hannu. Wani kuɗi ya karɓa, wani jikokinsa ne ke gidan surukan yana tsoron a raba shi da su, wani kuma tafiyar kotu ce ta gajiyar da shi. Alƙalai uku a shari'ar Gian Singh ta 2012 suka raba zancen biyu: rikicin aure da na dukiya sulhu na iya kashe shi, amma kisa da fyaɗe da fashi laifi ne ga jama'a duka, ko dangin mamaci sun yafe. Shari'ar Narinder Singh ta 2014 da ta Laxmi Narayan ta 2019 sun bi sawu. A shari'ar Daxaben ta 2022, wadda ta shafi tunzura mutum ya kashe kansa, kotu ta ce wanda ya kai rahoto ba shi da hurumin janye babban laifi, in ba haka ba mai kuɗi zai riƙa sayen kuɓuta. Da wannan ma'auni Babbar Kotun Delhi ta ƙi soke ƙarar 304B duk da iyaye sun sa hannu a sulhu.

Ƙofa ɗaya ta rage a buɗe, kuma da dalili. Uban da ke cikin zafin rashi yakan lissafa kowa a gidan, har ƙanwar miji da ke aure a wata jiha da kakar da ba ta iya tashi. Kotun Ƙoli ta koka da haka tun shari'ar Kans Raj ta 2000, ta kuma soke tuhumar dangi a shari'o'in cin zali na Geeta Mehrotra a 2012 da Kahkashan Kausar a 2022, saboda zargin jimla ne, ba a faɗi abin da kowa ya aikata ba. Dangi na nesa kan samu fita ta nan. Miji, da kyar.

Ranar 1 ga Yuli 2024 sabbin dokokin laifi suka fara aiki, 304B ya koma sashe na 80, 482 ya koma 528, kalmomin kusan ba su canza ba. Hukumar ƙididdigar laifuka ta ƙasar ta rubuta mutuwa sama da 6,000 kan dahej a 2022, jihar Uttar Pradesh ce kan gaba, Bihar na biye da ita.