Asalin 'Yan Tangaran Na Hummel

Kwanakin baya na je gai da wani malaminmu wanda ya yi karatu a ƙasar Jamus, sai na hangi wani ɗan mutum-mutumi a cikin kabad ɗin falonsa. Siffar yaro ce, da laima a hammata da jaka a hannu, tsawonsa bai wuce taƙi ba. Na kai hannu zan ɗauka, sai malam ya ce, "Yi a hankali, faɗi-ka-mutu ne." Da na duba gindinsa sai na ga an rubuta M. I. Hummel. Na tambayi ko sunan mai masana'antar ke nan, ya ce a'a, sunan wata mace ce wadda ko anini ba ta mallaka ba. Wannan magana ita ce ta sa na bi diddigin labarin.

An haifi Berta Hummel ran 21 ga watan Mayu, 1909, a wani ƙaramin gari mai suna Massing, cikin jihar Bavariya ta kudancin Jamus. Mahaifinta mai kanti ne. Tun tana ƙarama aka ga tana da hannun zane, saboda haka aka kai ta makarantar koyon zane-zane ta birnin Munich, inda ta gama cikin 1931. A can ne ta shaƙu da waɗansu sistoci biyu 'yan ɗariƙar Faransiskan ta Katolika. Da ta gama, malamanta suka so ta tsaya ta koyar, amma ta zaɓi shiga gidan sistoci na Siessen. A nan aka sa mata suna Maria Innocentia, watau asalin harufan nan biyu, M da I. Sista kuwa takan yi alkawarin zaman talauci, duk abin da hannunta ya samo na jama'ar gidan ne.

A Siessen tana koyar da yara zane, tana kuma zana su a lokacin hutunta: 'yan ƙauye masu kumatu, wannan na kiwon agwagi, wancan na goga goge, wata ta fake ƙarƙashin laima. Masu ɗab'i suka fara buga zanen a katin gaisuwa, sa'an nan cikin 1934 aka tara su a littafi guda a birnin Stuttgart.

To, a arewacin Bavariya, kusa da garin Coburg, akwai wata masana'antar tangaran ta iyalin Goebel, wadda aka kafa tun 1871. Zamanin nan kasuwa ta mutu, ma'aikata na zaman ɗar-ɗar, shugaban masana'antar, Franz Goebel, yana neman sabuwar hajar da za ta ceci gidan. Da ya ga zanen Sista Hummel sai ya nemi iznin mai da su mutum-mutumi. Ran 9 ga watan Janairu, 1935, aka ƙulla yarjejeniya, kuma a nan ne nake son mai karatu ya natsu. Sistar da shugabannin gidanta sun gindaya sharaɗi: ba za a fitar da ko ɗaya kasuwa ba sai sun gani sun yarda da siffarsa da launinsa, za a riƙa sa sunanta a jikin kowanne, kuma gidan sistocin zai riƙa samun kasonsa. A shekarar nan aka baje su a babbar kasuwar baje koli ta Leipzig, fatake daga Amurka suka yi ta sara.

Aikin ba na gaggawa ba ne. Gwanin sassaƙa zai dubi zanen ya gina shi da yumɓu, a yanyanka shi gunduwa-gunduwa, a yi wa kowace gunduwa mazubinta. Sai a zuba kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa a ciki, in ta kama a fitar a harhaɗa, a gasa, a shafa ruwan ƙyalli a sake gasawa, kana a yi fenti da hannu a mai da shi wuta. Ita kanta Sistar takan je masana'antar ta duba aikin masu fenti.

Amma fa Jamus ta lokacin tana hannun Hitila ne da jam'iyyarsa ta Nazi, su kuwa zaratan samari suke son a zana, masu shirin yaƙi. Cikin 1937 wata jaridarsu ta caccaki Sista Hummel, wai tana mai da 'ya'yan Jamus masu ƙaton kai da karkatattun ƙafafu. Aka hana yaɗa zanenta a cikin ƙasar. Cikin 1940 gwamnati ta ƙwace gidan Siessen, aka kori yawancin sistocin. Daga wajen 250, kimanin 40 kaɗai aka bari, a matse cikin wani ɓangare na gidan, ga sanyi ga ƙarancin abinci. Ita da farko ta koma gidan iyayenta, amma daga baya ta dawo cikin waɗanda suka zauna, tana ta zane a ɗan ɗakinta. Abin da hukuma ta rage musu daga kuɗin zanen nan, da shi suka rayu. A wannan hali tarin fuka ya kama ta, ta rasu ran 6 ga watan Nuwamba, 1946, tana da shekara 37.

Abin mamaki, bayan rasuwarta ne kasuwar ta buɗe sosai. Sojojin Amurka da aka girke a Jamus ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa sayen 'yan tangaran ɗin suna aika wa iyayensu mata da matansu tsaraba. Cikin 1950 kamfanin ya sa hoton ƙudan zuma a tambarinsa don tunawa da ita, domin kalmar Hummel a Jamusanci sunan wani irin ƙaton ƙudan zuma ne. Kafin 1977 masu tara su sun yi yawan da har aka kafa musu ƙungiya a Amurka. Kamar dai yadda iyayenmu mata kan jera tangaran da kwanon samira a ɗaki, ado ne kuma ajiya ce, haka waɗannan suka cika kabad suna zaton dukiya suke tarawa. Sai dai jikokinsu ba su gaji sha'awar ba. Da kayan gado suka cika kasuwannin intanet, farashin yawancinsu ya faɗi warwas, har cikin 2008 kamfanin Goebel ya daina yin su, waɗansu suka karɓi aikin cikin 2009.

Wani zai ce ai wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ban ga haka ɗungurungum ba. Gaskiya ne ba ta ci moriyar aikinta yadda 'yan kasuwa suka ci ba, amma sharaɗin nan na 1935 ya ciyar da 'yan'uwanta a lokacin tsanani, ya hana a ɓata mata zane, ya kuma sa sunanta ya kai har kabad ɗin malaminmu. Mu da muke rubuta waƙa da labari muna miƙa wa masu ɗab'i hannu bibbiyu, don murnar ganin sunanmu a takarda, ya kamata mu tsaya mu karanta abin da za mu sa wa hannu, mu kuma faɗi namu sharaɗin tun kafin aikin ya bar hannunmu.