Idon Tsuntsu a Kurmin Nindam

Wanda ya taso daga Fadan Kagoma ya ratsa Kafanchan ya nufi duwatsun Kagoro zai ga ƙasa ta sauya kama. Ruwan sama na zuba sosai a gindin tsaunukan nan, shi ya sa aka samu kurame masu duhu irin na Nindam, inda tsuntsayen dazuzzukan kudu suka samu wurin zama a arewa. A 1986 mujallar Malimbus ta buga aikin Dyer da Gartshore da Sharland kan tsuntsayen Nindam. Daga baya aka sa yankin Kagoro da Nindam cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye.

A zamanin aikin su Dyer ragar kama tsuntsu da kunne da littafin rubutu sun fi kyamara amfani a kurmi. Mai ɗaukar hoto da hannu yake murɗa zoben gilashi har hoton ya washe, kafin ya gama tsuntsu ya yi fir ya tashi. Fim kuwa hoto 36 ne, kuma sai an wanke ake gane an kwaso dishi-dishi.

Konica ta fito da kyamara mai saita kanta a 1977, Minolta 7000 ta biyo a 1985, Canon EOS a 1987. Sai dai a cikin ganyaye na'urar kan cafke reshen da ke gaba, ta bar tsuntsun. Nan masu sana'ar suka koyi raba aiki. Idan tsuntsu na zaune a duhuwa, ɗigon saiti ɗaya tak ake zaɓa, a ɗora shi kan ido ta tsakanin ganye. Idan shirwa ce ke shawagi ko shamuwa ta iso da damina, sai a buɗe fili mai faɗi, a sa saitin da ke bin abu ba tsayawa.

A 2020 Canon R5 ta zo da gane idon tsuntsu da kanta, ci gaba na gaske.

Amfaninsa ya wuce ado. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagorantar taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma hoto mai kaifi ne ke raba gardama idan aka ga baƙon tsuntsu. Nindam na buƙatar wannan shaida da gaggawa, domin noma da saran itace na cin gefen kurmin.