Daga Igiya Zuwa Safar Hannu: Abin da Tarihin Damben Tailan Ke Koya wa Matafiyi

A kowace shekara baƙi daga sassan duniya kan sauka a biranen Bankok da Chiang Mai da tsibirin Phuket domin koyon Muay Thai, damben gargajiyar ƙasar Tailan. Ana yi masa kirari da damben gaɓoɓi takwas, saboda ɗan wasa na kai hari da hannuwa biyu, da gwiwoyin hannu, da gwiwoyin ƙafa, da ƙwauri biyu. Duk mai niyyar wannan tafiya ya kamata ya fara da sanin tarihin wasan, domin a cikinsa akwai gargaɗi game da lafiyar jiki.

Wasan ya samo tushe daga horon mayaƙan tsohuwar Siyam. A 1767 dakarun Bama suka ci birnin Ayutthaya da yaƙi, suka kwashe fursunoni. Labarin baka ya ce ɗaya daga cikinsu, Nai Khanom Tom, ya kayar da ’yan damben Bama ɗaya bayan ɗaya a gaban sarkinsu a 1774, har ya sami ’yancinsa. Shi ake tunawa da shi a ranar 17 ga Maris ta kowace shekara.

A wancan zamani ’yan wasa kan naɗe hannuwansu da igiya, kwatankwacin yadda ɗan damben ƙasar Hausa ke ɗaure hannu da zare. Babu rabe-raben nauyi, babu ƙayyadadden lokacin turmi. Sarki Chulalongkorn, wanda ya yi mulki daga 1868 zuwa 1910, ya ɗaukaka darajar wasan a fada, amma hatsarinsa bai ragu ba. Sai a ƙarshen shekarun 1920, bayan wani ɗan wasa ya mutu sakamakon karawa da hannun igiya, aka wajabta sanya safar dambe. Daga nan aka tsara turmi biyar na minti uku-uku, da hutun minti biyu a tsakani, aka kuma raba ’yan wasa bisa nauyinsu. An buɗe filin Rajadamnern a 1945, na Lumpinee kuma a 1956.

Duk da haka ba a rabu da asarar rai ba. A Nuwamba 2018 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa bayan dukan da ya sha a fage, lamarin da ya tayar da muhawara kan shigar yara wasan. Ke nan ƙa’idojin kariya da ɗan koyo ke gani a yau, da tsada aka same su.

Sansanonin horo galibi kan yi atisaye sau biyu a rana, safe da yamma, kwana shida a mako. Ɗan ƙasa ya saba da haka tun yana ƙarami. Baƙon da ya ce zai bi sahunsa a makon farko, jikinsa ne zai gaya masa. Ka fara da zama ɗaya a rana, ka ba jiki kamar mako biyu ya saba da zafi da gumi, musamman a watan Afrilu. Ka yawaita shan ruwa. Idan tsoka ta yi ciwo mai tsanani kuma fitsari ya koma launin shayi, garzaya asibiti, domin ƙoda na cikin haɗari. Ƙwauri a hankali yake ƙarfi ta hanyar bugun buhun atisaye. Gaggawa kan jawo tsagewar ƙashi. Kada ka yi gwajin karawa ba tare da robar kare haƙora ba, kuma idan ka ji jiri ko ciwon kai ko amai bayan duka, ka dakata har likita ya duba ka. Wanka nan take bayan atisaye na rage kamuwa da makero da sauran cututtukan fata. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likitansa tun kafin ya yanki tikiti.

Kafin kowace karawa, ɗan wasa kan yi rawar Wai Khru domin girmama malaminsa da iyayensa. Baƙo ma ya ɗauki wannan ladabi: ya saurari mai horar da shi idan ya ce a huta, domin sannu ba ta hana zuwa.