Daga Ciyawar Magina zuwa Ragar Roba

In ka taɓa ganin magina a Malumfashi suna cuɗa ƙasa da ciyawa, to ka san dabarar: ƙasa na ɗaukar nauyi, amma ba ta jure ja. A ƙarshen shekarun 1970 Brian Mercer, ɗan Ingila, ya ƙero ragar roba da ake shimfiɗawa ƙarƙashin titi don wannan aikin. Sai dai tun wajen shimfiɗar take jin jiki: tifa ta juye tsakuwa, rola ta danne, igiyoyin su kakkarce, wasu ma su tsinke. Dole injiniyoyi suka koma binne samfuri, su danne, su tono, su auna ƙarfin da ya saura. Titin da tirelolin masarar Funtua za su bi, da wannan ragowar za a lissafa shi, ba da adadin da kamfani ya rubuta ba.